Gora Mai Hoton Ganye

Gora ta goma sha huɗu nake yankawa lokacin da warin ya daki hancina.

Ni malamar 'yan aji ɗaya ce, shekara goma sha bakwai ke nan ina share majina ina raba faɗa a kan fensir. A wannan zangon Shugabar makarantarmu ta dawo daga wani taro da littafi mai kauri a kan kare muhalli, ta dire mini shi a tebur ta ce in san yadda zan yi da shi. Ni kuwa dama ba a rasa ni da rawar kai, sai na ɗauki abin da zafi fiye da ita. Na ce kowane yaro ya kawo tsofaffin gorunan roba uku daga gida, mu yanke kawunansu, mu cika su da ƙasa, mu shuka wake. Wanda gorarsa ta fi kyau zan manna masa tauraron zinare a goshi. Har waƙa na haɗa musu a kan wuraren da ba a zubar da ƙazanta, suna rerawa suna tafi:

Ban da ƙasa, ban da kwata,
Ban da gindin bishiya, ban da wuta.

Sati uku suna rera ta, har iyaye suka fara ƙorafi wai yara sun hana su watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar gida. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake, ina ganin babu malama kamata.

Ranar, yara ashirin da takwas ne zaune a ƙasa a gabana, kowa da cokali a hannu ɗaya da ƙwayar wake a ɗayan. Buhun gorunan yana gefena, ina zarowa ina yankawa. Wannan fara ce mai kauri, ba a ganin cikinta, da hoton koren ganye a jikinta. Wuƙa na shiga, wani ruwa mai duhu ya ɗigo mini a babban yatsa. Na juya gorar. A bayanta akwai jan layi, a ƙarƙashinsa ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye.

Maganin kashe ciyawa ne. Na san shi sarai, don a layinmu an taɓa binne wani magidanci da ya kurɓe shi sau ɗaya tak bisa kuskure. Kuma cikin gorar a jiƙe yake sharkaf. Ba tsohuwar gora ce da aka tsinta a bola ba, yau ɗin nan aka juye abin da ke cikinta. Na dubi agogon bango, goma da minti ashirin da biyar.

Na wanke hannuna da sabulu a bokitin ƙofa, na ɗaga gorar sama.

"Wa ya kawo wannan?"

Muryar da ta fito ko ni ta ba ni tsoro. Aji ya yi tsit, yara suka yi tsuru-tsuru, wani a baya ya fara taɓe baki zai yi kuka. Na sake tambaya, na ƙara ƙarfi, shirun ma ya ƙara kauri. Wauta na yi, kuma na sani. Duk wanda ya zauna da yara ya san ba a samun gaskiya a wurinsu da ihu, amma tsoro ya mantar da ni aikina.

Na ƙaƙaro murmushi, na buɗe durowa na ɗauko tauraron zinare.

"Kai, amma gorar nan ta yi kyau. Ku dubi ganyen jikinta. Mai ita shi ya ci tauraron yau."

Hannaye tara suka tashi. Ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kukan tare da na bayan.

"Ƙarya suke yi, Malama. Tawa ce."

Lauya ce. Shekararta shida, 'yar firit da ita, haƙoran gaba biyu sun faɗi. Mun sa mata Lauya ne don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. In ka ce mata gobe, to goben za ta zo ta tsaya a gabanka ta tuna maka, har da irin rigar da ka sa lokacin da ka faɗa. Tana zaune ta harɗe hannuwa, ba ta ma ɗaga nata ba.

"Duba ƙasanta," in ji ta. "Baba ya rubuta lamba da jan biro."

Na duba. Lambar tana nan.

"Me ya sa ba ki amsa ba da na tambaya?"

"Ke kika ce in mutum yana ihu a jira ya huce."

Na leƙa aji na gaba na roƙi malamarsu ta duba mini yaran, kada kowa ya taɓa buhun. Na ja Lauya baranda, na durƙusa a gabanta, na duba tafukan hannunta da leɓɓanta da gaban rigarta.

"Kin sha?"

"A'a. Wari gare shi."

"Ya taɓa jikinki?"

"Safa na sa a hannu. Na kuma wanke da sabulu sau biyu."

Na ɗan sauke numfashi. "Da kika ɗauko gorar, akwai wani abu a ciki?"

Ta haɗa yatsunta uku a kwance ta nuna mini iya tsayinsa. Ta ce a kan kabad Baba yake ajiye ta, ta gonarsu ce da ke bayan gari, sai da ta ɗora kujera a kan tebur kafin ta kai. Ita ta fi duk gorunan gidansu kyau, kuma ai shuka za mu yi, ga hoton ganye.

"To ina kika zuba na cikin?"

Ta fara lissafa mini da yatsu, da muryar nan tata ta mai ba da rahoto. "Ban zuba a ƙasa ba. Ban zuba a kwata ba. Ban zuba a gindin bishiya ba. Ban zuba a wuta ba." Ta dube ni tana jiran yabo. "A abu mai murfi na sa, don kada ya zube."

"Wane abu?"

"Fulas ɗin Kaka. Mama ta wanke shi ta ajiye a kan tebur, babu komai a ciki. Na rufe gam. In Baba ya dawo ranar Asabar zan ba shi."

"Yaushe kika zuba?"

"Ɗazu da safe, Mama tana yi wa jariri wanka."

Na san gidan a baki, ko da ban taɓa zuwa ba, don Lauya ba ta rage komai in tana ba da labari. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi kwana biyar a hanya. Uwar tana aiki a masana'antar ɗinki, tana tafiya da jaririn ta bar shi a ɗakin raino. Kakan, mahaifin uban, idonsa ya tafi shekara huɗu da suka wuce, shi kaɗai yake wuni a gida da rediyonsa.

"Lauya," na ce, a hankali, "a wane fulas Mama take bar wa Kaka shayi?"

"Ai guda ɗaya ne."

Tana faɗa ta tsaya. Ina kallo abin ya shiga kanta, bakinta ya ɗan buɗe, hannunta ya kamo gefen zanena.

"Ƙarfe nawa yake sha?"

"In an fara labarai. Da ƙwayoyinsa." Muryarta ta koma ƙarama. "Labaran sha ɗaya."

A ofishin Shugaba na kira uwar sau huɗu, wayar a kashe. Lauya ta ce a wurin aikinsu a akwati ake kulle wayoyi sai ƙarfe ɗaya. Ta uban ba ta shiga ko kaɗan. Kaka yana da waya, amma Lauya ce take danna masa in za ta yi aiki. Muka buɗe rajista, adireshin da aka rubuta duka-duka shi ne: bayan gidan mai, bene mai ruwan ɗorawa. Gidajen mai biyar ne a wannan ɓangaren garin.

"Da ita zan tafi," na ce. "Ita ta san hanya."

"Malama, kin san doka. Ba a fita da yaro sai da izinin iyaye."

"To ki kore ni in na dawo."

Shugaba ta dube ni, ta dubi gorar da na dire mata a kan takardunta, ta dubi agogo. Saura minti goma sha bakwai.

"Ku tafi," ta ce. "Zan nemi lambar ofishin masana'antar. In kin isa ki kira ni, in san ko motar asibiti zan tura."

A bakin get na tare mai babur, na sa Lauya a tsakaninmu. Sai a nan na gano wata matsalar. Yarinyar ta san hanyar gidansu, amma hanyar ƙafa ta sani, wadda uwarta take bi da ita kullum ta cikin lungunan kasuwa inda babur ba ya wucewa. Sunan titi ko ɗaya ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne shagon da aka rataye jan takalmi, da famfon da ba ya rufuwa, da kwanar da kare yake barci.

Mai babur ya yi ta zagayawa ta manyan tituna yana neman bakin kowane lungu. Jan takalmin muka samu. Famfon ma muka samu, yana ta zuba abinsa. Sai wata motar ruwa ta gitta a gabanmu tana ƙoƙarin juyawa a titin da bai fi faɗinta ba, direban yana gaba yana baya kamar mai koyon tuƙi. Na zage shi, Allah ya yafe mini, na zage shi da kalmomin da nake hana yara faɗa, a kan kunnen Lauya.

Muka zo mararraba mai hanya uku.

"Wacce?" in ji mai babur.

Lauya ta duba hagu, ta duba dama. "Karen ba ya nan."

"Ki tuna, 'yata. Bar karen. Me kuma yake wurin?"

"Kullum yana nan," ta ce, hawaye suka zubo.

A daidai lokacin, daga shagon wani mai aski, kiɗan fara labarai ya tashi. Na sauka daga babur na sauke ta, na durƙusa har idona ya yi daidai da nata tsayin, na ce ta duba daga nan, yadda take gani in tana tafiya a ƙasa. Ta goge ido ta duba. Ta nuna wani bango mai zanen kaza da gawayi.

Da gudu muka ƙarasa. Inda ƙafarta ta gaza na saɓe ta a kafaɗa, ni da likita ya ce in daina hawa bene saboda gwiwa. Gidan mai, sannan bene mai ruwan ɗorawa, hawa na uku. A baranda igiyoyin shanya ne da kekunan yara da ƙofofi a kulle, kowa ya tafi nema. Sha ɗaya da kwata ta wuce.

A ƙofar ƙarshe Lauya ta ja ta tsaya.

"Malama, babu rediyo."

Na kasa kunne. Babu motsin komai.

"Kaka ba ya kashe rediyo," ta ce.

Ta zaro makulli daga cikin wani tsohon takalmin ruwa da ke gefen ƙofa. Na karɓa, sai a karo na uku ya shiga. Na ce mata ta tsaya a baranda, kada ta shigo sai na kira ta. Ban san abin da zan tarar ba, kuma ba na so ta riƙe shi a kanta har tsufa.

Falon ƙarami ne, tebur a tsakiya, kujerar da ta ɗora har yanzu tana jingine da kabad. Warin ya riga ni shiga ɗaki na biyu. Tsohon yana zaune a bakin gado, dogo, ramamme, da farar singileti. Fulas ɗin yana tsakanin gwiwoyinsa ya dafe murfin da hannu ɗaya. A kan ɗan tebur a gabansa kofi ne cike taf, da ƙwayoyi biyu a gefe. Rediyon yana kan matashi, a kashe.

"Baba, kada ka sha."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Wace ce?"

"Malamar jikarka ce. Ka sha? Ko kurɓi ɗaya, ko a leɓe?"

"Ban sha ba."

"Ka tabbata?"

"Yarinya, shekara talatin ina goya tankin feshi a bayana. Idona ne ya tafi, hancina yana nan."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na jawo kofin nesa da shi, na tura wa Shugaba saƙo cewa bai sha ba. Sai da numfashina ya dawo na lura da abin da ke gabana. Mutum ya ji warin guba a shayinsa, ga taga a buɗe, ga titi cike da mutane a ƙasa, amma ya kashe rediyo ya zauna.

"Baba, me ya sa ba ka yi kira ba? Ko ta taga ai da an ji ka."

Babban yatsansa yana zagaya murfin fulas ɗin.

"In kira in ce me?" ya ce. "Ɗana yana hanya tun Litinin. Mutum ɗaya ce take taɓa fulas ɗin nan."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Yarinyar kirki ce, kada ki ce na ce ba haka ba. Shekara huɗu tana yi mini wanka, tana yanke mini farce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. 'Yata ta cikina ba za ta yi abin da take yi ba. Jiya sau biyu na ɓata shimfiɗa, ga jariri ba ya barin ta ta runtsa. Na ji ta a kicin tana kuka, ta buɗe famfo don kada in ji." Ya ƙara dafe murfin. "Da na ji warin nan sai na ce, to, ta gaji. Wa zai ga laifinta."

Tausayinsa ya kama ni.

"Tunani nake yi," ya ce, "yadda zan yi kada a kama ta."

Na dubi kofin da ya cika har baki, na dubi ƙwayoyin da ya jera a gefensa. Ban tambaye shi wane irin tunani ba ne, kuma har yau ban tambaya ba.

"Ni ce, Kaka."

Tana tsaye a bakin ƙofa. Wannan ne karo na farko da na ga Lauya ta karya doka.

"Ni na zuba. Gorar nake so, ta shuka. Malama ta ce ban da ƙasa, ban da kwata, shi ne na sa a fulas ɗinka na rufe. Mama ba ta sani ba. Mura take yi, ba ta jin warin komai, ko kashin jariri sai na gaya mata."

Tsohon ya saki fulas ɗin, na yi wuf na cafe. Ya miƙa hannuwansa biyu cikin iska, ta shiga tsakaninsu. Ya shafa kanta, ya shafa kunnuwanta, ya shafa giɓin haƙoranta.

"Ke ce? Ba mamanki ba?"

"Ni ce. Ka yi haƙuri."

Dariya ya fara yi, wata irin dariya marar sauti da ke girgiza kafaɗunsa, kafin in ankara ta koma kuka. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin an kusa kashe shi bisa kuskure ba sai ranar. Lauya tana goge masa fuska da hannun rigar makarantarta tana cewa ya daina, ita ma tana yi.

Na juye shayin kofin a fulas, na murɗe murfin iya ƙarfina, na naɗe kofin a tsohuwar jarida. Kunya ta rufe ni daga sama har ƙasa. Yarinyar ba ta yi komai ba sai abin da na koya mata, kalma bayan kalma. Wurare huɗu na hana su, na haɗa da tafi da tauraro, ban taɓa gaya musu inda za su kai abin ba.

Wayata ta yi ƙara. Shugaba ce, ta ce an samu uwar, ta fito tun ɗazu, tana hanya.

"Malama," in ji tsohon, ƙasa-ƙasa, "abin da na gaya miki, a ɗakin nan zai tsaya. In ta ji na zarge ta ko na minti ɗaya, ba za ta ƙara iya kallona ba."

"A nan zai tsaya, Baba."

Lauya ta saki kakanta ta zo gabana. Ta dubi fulas ɗin da na rungume, ta ja majina, ta harɗe hannuwa.

"To yanzu ina za mu zuba?"

Na buɗe baki. Babu abin da ya zo mini sai waƙar.

"Ban sani ba," na ce.

"Amma ke ce Malama."

"Ni ce. Ban sani ba. Abin da ya kamata in koya muku tun farko ke nan. In ba ki san abu ba, kada ki taɓa, ki kira babba."

Ta yi ɗan tunani. "Ke ma ai babba ce."

"Ni ma zan je in tambaya."

Daga ƙasan bene muka ji takun gudu, da kukan jariri yana jijjiga a baya, da muryar mace tana kiran Baba, Baba, tun daga hawa na farko. Tsohon ya gyara zama, ya ja gefen zanin gado ya goge fuskarsa tas, ya lalubi matashi.

"Kunna mini rediyon nan," ya ce wa Lauya. "Kada ta shigo ta same shi a kashe."